Zauren Masu Karatu: Rediyon Baba, Kallon Dare da Muryoyin da Ke Cikin Waya

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan zaure a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga kayan da muke taɓawa kullum, wato rediyo da waya da talabijin, da irin farin cikin da mutum yake samu ko yake rasawa ta dalilinsu. Na zaɓi shida daga ciki na taƙaita su ba tare da na sauya ma'anarsu ba, kuma kamar yadda muka saba, ba a bayyana sunan kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, yana zaune a ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi, ni kuwa aure da aiki sun kawo ni Kaduna. Tsohuwar rediyonsa ta lalace, sai na ga maimakon in sayo wata, gara in saya masa babbar waya, tunda duk abin da rediyo take yi waya ma tana yi har da ƙari. Da na je gida da sallah sai na tarar da wayar a cikin kwalinta a ƙarƙashin katifa, shi kuma yana zuwa ƙofar gidan maƙwabcinmu jin labarai. Abin ya sosa mini rai, domin na daɗe ina tara kuɗin. In dage in koya masa, ko in haƙura? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi wa Baba. Shawarata ita ce ki sayo masa rediyo, kuma kada ki ɗauki ajiye wayar da ya yi a matsayin raina kyautarki. Dattijon da ya mayar da abu cikin kwalinsa ya sa a ƙarƙashin katifa, inda yake adana takardun gona da kuɗin da ba ya son a taɓa, ya girmama abin matuƙa. Amfanin wayar ne bai dace da yadda ya tsara yininsa ba.

Ki tuna cewa mutumin da ya haura shekara 70 a ƙasar Hausa tare da rediyo ya tashi. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shiryensa a watan Maris na 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta soma magana da Hausa a 1963, sannan Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Wayar salula ta GSM kuwa sai a 2001 ta shigo Najeriya, lokacin da Baba ya doshi shekara 50, kuma a farkon zuwanta kuɗin layi kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka kunnensa ya yi shekaru masu yawa yana sabawa da wani tsari kafin a ƙera irin wayar da kika kai masa.

Akwai abubuwan da rediyo take ba mai sauraro waɗanda mu da muka saba da waya muke mantawa da su. Rediyo tana da lokaci. Baba ya san abin da zai ji bayan sallar asuba, ya san shirin da zai zo da rana tsaka, ya san wanda zai biyo bayan isha'i, kuma jiran da yake yi wa kowane shiri yana cikin daɗin abin. Ba ta neman idonsa, ba ta neman hannunsa, yana iya tufka igiya ko ɓarar gyaɗa ko gyaran ƙotar fartanya yana saurare. Abin da ya fi waɗannan duka kuwa shi ne rediyo ta jama'a ce. Ana ajiye ta a kan tabarma a ƙofar gida, a ja eriyarta sama, sai ki ga dattawan unguwa sun taho ɗaya bayan ɗaya, a ji labarin farashin taki ko na zaɓe, a kashe ta a yi sharhi har dare ya yi. Mai rediyo shi ne mai masaukin wannan majalisa. Tun da tasa ta lalace, Baba ya tashi daga mai masauki ya koma baƙo a tabarmar wani, kuma wannan ne rashin da ya kamata ki mayar masa.

Babbar waya kuwa tana zuwa wa dattijo da wahalhalu da yawa a lokaci guda. Fuskarta ba ta cika jin yatsan da noma ya busar ya yi kanta ba, rubutunta ƙanana ne kuma galibi ba da Hausa ba, tana bukatar caji kullum da data kowane mako, ga kuma fargabar kada ya danna wani wuri kuɗi su zube.

Idan za ki sayi rediyon, ki duba ta kasance tana kama zango uku: FM da matsakaicin zango da gajeren zango. FM ta fi fitar da murya tas, amma ba ta tafiya nesa da inda aka kafa turken tashar, shi ya sa ƙauyen da ke bayan duwatsu yake iya rasa ta. Gajeren zango kuwa yana haurawa sama ya daki wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, don haka yana ƙetare dubban kilomitoci, sai dai kamunsa yana sauyawa tsakanin rana da dare. Tun da tashoshin FM masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, kamar Freedom Radio da ta fara aiki a Kano a ƙarshen 2003, tashoshin ƙetare da dama suna bi ta cikinsu ne su isa ga jama'a, wasu kuma sun rage amfani da gajeren zango. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi maƙwabcin nan tashoshin da tasa take kamawa da kyau a ƙauyen. Ki zaɓi wadda ake murɗawa da hannu a nemi tasha, domin masu madannai suna rikita wanda bai saba ba. Ta kasance mai batirin caji wanda ake iya cirewa a sauya idan ya mutu, kuma zai fi kyau idan tana da ɗan farantin sola a bayanta, tana kuma karɓar batirin da ake sayarwa a tireda. A kunna miki ita a shagon, ki ƙara murya zuwa tsakiya, ki ji ko lasifikar tana karkarwa. Ki kuma gaya wa yaran gidan kada a riƙa ajiye ta kusa da cajar waya ko fitilar caji, saboda su ne suke jawo ƙugin da ake ji a gajeren zango.

Yawancin rediyoyin yanzu suna da gurbin memori, kuma nan ne kyautarki za ta fi ta maƙwabci. Ki sa a zuba masa karatun Alƙur'ani da tafsirin malamin da yake so da waƙoƙin makaɗan zamaninsa, sannan ki ɗauki muryoyin 'ya'yanki suna gaishe shi suna yi masa karatun allonsu ki haɗa a ciki. Babbar wayar kuma tasa ce yanzu, saboda haka sai ki nemi izininsa a damƙa ta amana ga wani ƙaninki ko jikansa mai hankali, da sharaɗin duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kawo ta a yi kiran bidiyo, Baba ya ga jikokinsa ba tare da ya danna komai ba. Shi kuma ƙaramar waya mai madannai ta ishe shi.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a Azare. Abin da yake sanyaya mini rai bayan hayaniyar aji shi ne mu zauna ni da maiɗakina bayan isha'i mu kalli finafinan Hausa masu dogon zango a YouTube. To amma datar da nake saye ba ta kai mu ko mako guda. Abokaina sun ce in riƙa zuwa wajen masu turawa a zuba mini a memori. Wanne ya fi? Daga wani malamin makaranta, Azare.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara muku zaman lafiya. Miji da mata su zauna su kalli abu ɗaya a waya ɗaya, su yi dariya tare su yi musu a kan wanda yake da gaskiya a labarin, al'ada ce da ta cancanci a kare ta daga tsadar data. Tsadar kuwa gaskiya ce, domin a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Kafin ka sauya hanya, ka fara gyara wayar. Kowane bidiyo a YouTube yana zuwa da matakan kyawun hoto, kuma za ka ga lambobinsu: 144, 240, 360, 480, 720, 1080. Idan ba ka zaɓa da kanka ba, manhajar tana iya ɗaga matakin duk lokacin da sabis ya yi ƙarfi. Kallon awa guda a mataki na 720 yana iya cinye kusan gigabait ɗaya, alhali a mataki na 360 abin da zai ci bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, kuma a fuskar waya mai inci 6 bambancin bai kai ya ɓata muku kallo ba. Ka shiga saitin manhajar ka zaɓi tsimin data, ka kashe abin da yake sa wani bidiyon ya fara da kansa idan na farko ya ƙare. Daga nan ka leƙa WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, domin ga malamin da yake cikin zauren malamai da na tsofaffin ɗalibai da na dangi da na unguwa, nan ne data take zurarewa bai sani ba. Haka kuma ka hana manhajoji sabunta kansu da datar layi. Kamfanoni sukan sayar da datar dare da rahusa, kuma idan mai tashar ya bar damar saukewa, kana iya sa fim ya sauka ka je ka kwanta, ku kalla washegari.

Batun masu turawa kuwa zan faɗa maka ra'ayina ƙarara. Ba na raina sana'arsu, yawancinsu matasa ne masu neman abin kansu. Sai dai ya kamata ka san yadda kuɗi suke isa ga waɗanda suka yi wahalar fim ɗin. A zamanin kaset da faifai, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar cinikin finafinan Hausa, furodusa yana sakin fim a sayi kwafi ya mayar da kuɗinsa. Satar fasaha da tura fim daga waya zuwa waya suna cikin abubuwan da suka karya wannan kasuwa, har masu shirya finafinai suka koma ga tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda abin da suke samu yake fitowa daga tallace-tallacen da ake sakawa gwargwadon yawan masu kallo. Duk kallon da aka yi daga memori, marubuci da mai ɗaukar hoto da yaron da ya riƙe fitila ba su sami komai daga gare shi ba, sai fa idan mai shagon yana da izinin masu fim ɗin, kuma wannan kana iya tambayarsa. Ni dai na fi son ka kalla a tashar masu shi ko da a mataki na 240 ne. Idan kuma ka kai memori shago, ka duba abin da aka zuba maka kafin ya shiga hannun yara, domin akan haɗa wa mutum da abin da bai nema ba.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Muna zaune a bayan garin Maraɗi, inda wuta ba ta zama. Mu mata uku ne a gidan, mun yi adashi muna so mu sa sola domin talabijin da fanka da fitila, ko yaranmu sa daina yawon kallo a gidajen mutane. Wani ya ce mana faranti ɗaya ya isa, wani ya ce sai huɗu. Wa za mu bi? Daga wata uwargida, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ina gaishe ku ku uku, kuma haɗa kan da kuka yi a kan wannan abin a yaba ne. Kada ku bi ko ɗaya daga cikinsu sai kun yi lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. A bayan kowane kayan wuta akwai lambar da ke nuna ƙarfin wutar da yake ci, wadda ake aunawa da wat. Sai ku ninka wannan lamba da yawan awannin da za ku kunna shi a yini.

Ga misali. Talabijin ta zamani marar tudun baya mai inci 32 tana cin kimanin wat 40, dikoda kuma kimanin wat 10. Idan kun yi kallon awa 4, kun ci 200 ke nan. Fankar sola mai cin wat 20, idan ta yi awa 8 tana juyawa, ta ci 160. Ƙwan fitila uku masu wat 5 kowanne, na tsawon awa 5, sun ci 75. Cajin wayoyi huɗu kuma a ba shi 60. Jimla ta kusa 500 a kowane yini. A yankinku ana lissafa kimanin awa 5 na cikakkiyar rana, don haka faranti mai wat 150 zai tara 750 a takarda, amma zafi da ƙura da wayoyi da batir suna cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu, abin da zai rage da kyar zai riƙe ku. Faranti mai wat 200, ko biyu masu wat 100, shi ne zai ba ku kwanciyar hankali. Kun ga ashe yawan farantai ba shi ne abin tambaya ba, ƙarfin da aka rubuta a bayansu shi ne abin dubawa.

Batir shi ne inda aka fi yin asara. Mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗaukar 1,200, amma idan irin na dalma ne mai nauyi, bai kamata a riƙa shanye fiye da rabinsa ba, in ba haka ba zai mutu da wuri. Rabin nan 600 ne, kuma ya ishe ku. Batirin litiyam ya fi tsada amma ya fi jure shanyewa kuma ya fi daɗewa. Dole a sa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, tsakanin faranti da batir, kuma duk mai haɗin da ya ce muku ba a bukatarta, ku sallame shi. Idan kun sami talabijin da fanka masu aiki kai tsaye da wutar batir, ba sai kun sayi inbata ba, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, wadda ita kanta tana cin wuta. Farantin ya fuskanci kudu da ɗan jirkicewa, inuwar bishiya ko ta katanga kada ta taɓa ko gefensa, kuma a lokacin hunturu a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe. Batirin a ajiye shi a inuwa inda iska take shiga, nesa da shimfiɗar yara. Dutsen guga da abin dafa ruwa da firiji ba su da wuri a wannan haɗin.

Shawarar da zan ƙara ita ce a kafa talabijin ɗin a tsakar gida ko a rumfa, kada ta zama ta ɗakin mutum ɗaya, tunda kuɗin na ku uku ne. Ku yanke lokacin kunnawa da na kashewa tun ranar farko. Idan lokacin kokawar takobi ya zo, wadda ake yi a Nijar tun daga 1975 da aka fara ta a Tawa, za ku ga yaran maƙwabta ne suke sallama a ƙofarku, kuma a irin waɗannan ranaku ku rage fanka da rana domin batir ya kai ku ƙarshen karawa.

Tambaya: Yaya, ni tela ne a Fagge, mai son ƙwallon Ingila. Ina tunanin in sayi dikoda in riƙa biyan kuɗin wata in daina zuwa gidan kallo. Me ka gani? Daga wani matashi, Kano.

Amsa: Ƙanina, ka fara da ƙirga wasannin da kake kalla a wata, ka ninka da kuɗin shiga gidan kallo, ka gwada da kuɗin wata na dikoda haɗe da man janareta ko cajin batir. Ga mai kallon wasa ɗaya ko biyu a mako, gidan kallo ya fi araha nesa ba kusa ba. Sannan ka tambayi kanka abin da yake kai ka can. Duk wanda ya kalli ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Aisilan a gasar cin kofin duniya ta 2018 a cikin rumfar kwano cike da jama'a, inda benci ya kife kuma wanda ba ka sani ba ya rungume ka, ya san cewa rabin daɗin ƙwallo yana wurin mutanen da kake kallo da su. A ɗakinka kai kaɗai hoton zai fi kyau, amma ba wanda za ka tsokana idan an tashi. Idan hayaƙin sigari ko zage-zage ne suka ishe ka, ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar masu mutunci ku sa dikodar a shagon ɗayanku. Ka kuma riƙa leƙa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata idan Kano Pillars tana wasa a gida, domin ƙungiyar da ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ta cancanci 'yan garinta su je su gan ta da idonsu.

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya: ka nisanci cacar ƙwallo. Wanda ya sa kuɗi a wasa ya daina kallon wasa, lissafin asararsa yake yi har a tashi, kuma na ga matasa masu sana'a a hannu da wannan hanya ta raba su da kekunan ɗinkinsu.

Tambaya: Ina kwana da abin sauraro a kunne ina jin karatun littattafan Hausa da waƙoƙi. Kwanan nan ina jin wani siririn ƙara a kunnena ko da babu abin da ke kunne. Akwai matsala? Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

Amsa: Ƙanwata, wannan ƙara gargaɗi ne, kada ki yi wasa da shi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu karɓar sauti, kuma idan ƙara mai ƙarfi ta lalata su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiyasin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro. Kada muryar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma idan wadda ke kusa da ke tana jin abin da kike ji, ta yi yawa. Da dare ki cire abin kunnen, ki ajiye wayar a gefe ta yi magana ƙasa-ƙasa, ki saita ta ta kashe kanta bayan rabin awa. Ki huta da shi gaba ɗaya na 'yan kwanaki, kuma idan ƙarar ba ta tafi ba, ko kika ji jinki ya ragu, ki je wurin likitan kunne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a zangon Kumasi. Mahaifiyata ta rasu bara a Katsina. Ba ta yi boko ba, amma kusan kullum takan sa a danna mata WhatsApp ta aiko mini da saƙon murya, ta sa mini albarka ta ba ni labarin gida. Idan kewa ta dame ni su nake saurara in ji sanyi. Yanzu wayar ta tsufa, bayanta ya kumbura, ina tsoron in rasa su. Yaya zan yi? Daga wani ɗan kasuwa, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya jiƙan Inna, ya yi mata rahama, ya ba ku haƙurin rashinta. Tun da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, iyayenmu da a da sai sun nemi mai rubuta musu wasiƙa suka sami hanyar yin magana da 'ya'yansu na nesa da bakinsu, da karin harshensu da addu'o'insu. A ganina babu wani abu da waya ta kawo wa gidajenmu da ya kai wannan daraja, kuma ka yi daidai da ka damu da adana shi.

Ka yi aikin nan yau, kada ka bari sai gobe, domin kumburin bayan waya alama ce ta batirin ya lalace, yana iya mutuwa farat ɗaya, yana ma iya kamawa da wuta. Kada ka bar ta a caji ka kwanta, kada ka danne kumburin, kuma kada ka bar ta a rana ko a cikin mota.

Ka sani cewa saƙonnin suna cikin wayarka ne, kamfanin ba ya ajiye maka su bayan sun iso. Mataki na farko shi ne ka shiga saitin WhatsApp, sashen hirarraki, ka sa ya yi ajiya a asusunka na Google, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta. Ka rubuta adireshin asusun da kalmar sirrinsa a takarda ka adana, domin ba za a iya dawo da ajiyar a sabuwar waya ba sai da wannan asusu da kuma lambar layin da kake amfani da ita yanzu. Amma kada ka tsaya nan, saboda wannan ajiya tana ɗaure da manhajar. Ka buɗe hirarku da Inna, ka danne kowane saƙo ka riƙe, ka zaɓi rabawa, ka aika da shi zuwa imel ɗinka ko ma'ajiyar Google ko kwamfuta. Idan suna da yawa, ka sami wani amintacce ya jona wayar da kwamfuta a gabanka ya kwafe jakar saƙonnin murya gaba ɗaya. Ka sa kwafi ɗaya a memori, ka kuma tura wa 'yan'uwanka na Katsina, domin su ma mahaifiyarsu ce, kuma abin da yake hannun mutum uku ya fi wuyar ɓacewa. Memorin ka saye shi a shagon da ka yarda da shi, domin akwai na jabu da ake rubuta wa gigabait 64 alhali abin da yake ɗauka bai kai haka ba, yana nuna ya karɓi kaya amma idan an zo buɗewa babu komai.

Layin Inna kuma, idan ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani zai iya sayar wa wani, har wata rana ka ga hoton baƙo a kan sunanta. Wannan ba zai goge saƙonnin da ke wayarka ba, amma kada ka tura komai zuwa lambar, kuma kada ɓacin rai ya sa ka share hirar. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp ɗinka, kada kuma ka ba kowa lambobi shida da ake turo maka ta tes, ko da ya ce shi ɗan'uwa ne.

Idan ka gama, ka ɗauki memorin ka sa a wata wayar, ka saurari saƙo biyar ko shida daga wurare daban-daban ka tabbatar suna buɗewa. Sai bayan haka za ka kai taka wurin mai gyara a sauya mata batir, kuma ka gaya masa tun kafin ya karɓa cewa ba ka yarda a yi mata filashin ba.